Shirun Yaro Da Ladabin Yaro: Abin Da Ke Faruwa A Gidajen Tailan

A ƙarshen watan Maris na 2025 ƙasar Tailan ta gyara wani sashe na dokarta da ya daɗe yana ba iyaye izinin hukunta 'ya'yansu daidai gwargwado. Sashe na 1567 ne na kundin dokar da ta shafi aure da iyali da ciniki. Yanzu sashen ya ce uba ko uwa suna iya hukunta yaro don gargaɗi ko gyaran hali, amma ban da azabtarwa, ban da cutar da jikinsa ko zuciyarsa. Masu lissafin ƙasashen da suka hana dukan yara sun sa Tailan a lamba ta 68.

Mun san abin da wasu daga cikin iyayenmu za su ce da jin wannan, domin mun sha jin sa a bakin masallaci da wajen suna: aikin Turawa ne, su ne suka lalata nasu 'ya'yan, yanzu suna neman lalata na kowa. To, a nan maganar ba ta zauna ba. Tailan ita ce ƙasa ɗaya tilo a kudu maso gabashin Asiya da Turawa ba su taɓa mulka ba. Yawancinmu a jikin buhun shinkafa mai ƙamshi kawai muka san sunanta, amma wanda ya dubi yadda suke girmama manya zai ɗauka wani tsohon gidan zango ya shiga. Ƙaramin yaro shi ne ke fara gaisuwa, ya haɗa tafukansa a gaban ƙirji ya sunkuyar da kai, abin da suke kira wai. In zai gifta ta gaban babba yana zaune, sai ya ranƙwafa don kada kansa ya ɗara na babban. Kamar yadda mu ba mu kiran wanda ya girme mu da gundarin suna sai mun sa yaya, haka su ma suke sa pi ga babba, nong ga ƙarami, ko da shekara ɗaya ce tsakani. Ranar 12 ga Agusta, ranar uwa a can, yara kan durƙusa a ƙafafun iyayensu mata da furanni a hannu. Suna da kalmar bunkun, wato bashin alherin iyaye da ba a gama biya har mutuwa. Kuma suna da karin magana da kowane ɗan ƙasar ya sani, ma'anarta wai in kana son saniyarka ka ɗaure ta, in kana son ɗanka ka dake shi. Mu ma ai muna da namu, ka so naka duniya ta ƙi shi.

Mutanen da ke da irin wannan tarbiyya ne suka fara ajiye tsumagiya, kuma sun fara tun kafin doka ta ce su ajiye. Ofishin ƙididdiga na Tailan tare da UNICEF suna gudanar da wani bincike gida-gida, inda ake tambayar mai riƙon yaro yadda aka hore shi a watan da ya wuce. A zagayen 2015 zuwa 2016, kashi 75 cikin ɗari na yara 'yan shekara 1 zuwa 14 sun sha horo mai zafi. A 2019 ya sauko zuwa kashi 58. A 2022 ya koma kashi 54. Har yanzu fiye da rabi ne, ba a gama ba, amma saukar a fili take. Irin wannan binciken, da tambayoyi iri ɗaya, an yi shi a nan Gana a 2017 zuwa 2018, aka sami kashi 94.

Akwai abin lura a cikin wannan lissafi. Abin da ake ƙirgawa a matsayin horo mai zafi ya haɗa da duka, ya kuma haɗa da tsawa da zagi, irin su kiran yaro sakarai ko malalaci. Wato harshe ma yana cikin lissafin tsumagiya. Shi ya sa muke ganin labarin Tailan labarin magana ne tun daga tushe: wa ke magana a cikin gida, wa ke saurare, kuma in babba ya gama, shin ƙarami yana da hanyar da zai maido da tasa.

Mutanen Tailan suna da wata kalma da ba a iya fahimtar gidajensu sai da ita, kreng jai. Ita ce nauyin da mutum ke ji na ɗora wa wani damuwa, ko saɓa masa, ko sa shi jin kunya, musamman in ya girme shi. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin kara ce da kunya a haɗe. Yaron da aka raina da kreng jai ba ya ce wa babba a'a, ba ya tambayar dalili, in an ba shi abin da ba ya so ya karɓa da murmushi. Ana kuma koya masa sanyin zuciya, jai yen, kada ya ɗaga murya, kada ya bari fushi ya fito a fuskarsa. Ɗabi'a ce mai kyau, kuma tana cikin abin da ke sa baƙo ya yaba mutanen ƙasar. Sai dai tana da farashi, kuma yaro ne yake biya. Wanda aka koya wa kada ya dami babba da buƙatarsa, shi ne wanda ba zai dami babba da ciwonsa ba. In malami ya ci zalinsa zai yi shiru. In wani babba ya taɓa shi inda bai dace ba, zai yi shiru, tunda ga kunya ga kara. Iyaye kuma su dubi wannan shirun su ce madalla, yaronmu mai ladabi ne.

Tun wajen shekarun 1980 wani masanin halayyar yara ɗan Amurka, John Weisz, tare da abokan aikinsa 'yan Tailan suka kwatanta yaran da ake kai wa asibitocin kula da ƙwaƙwalwa a ƙasashen biyu. A Amurka an fi kai yaro saboda faɗa da rashin jin magana da gardama. A Tailan an fi kai shi saboda tsoro da rashin barci da ciwon jiki da ba a gano dalilinsa ba. Daga baya, a 1995, suka buga wani aikin da ya fi ba mu mamaki. Sun sa masu lura sun zauna a cikin aji suna ƙirga ɓarnar yara, sai suka ga yaran Amurka sun fi na Tailan ɓarna nesa ba kusa ba. Amma da aka tambayi malamai, malaman Tailan ne suka fi kukan halin ɗalibansu. Inda aka saba yaro ya yi tsit, ɗan motsi kaɗan ma laifi ne.

Wannan maganar ta ciwon jiki ita ce ta fi taɓa mu, mu da ke tsaye a bayan kanta a kantin magani. Ana yawan kawo mana yaro ɗan shekara tara ko goma, wai kullum ciwon kai, kullum ciwon ciki, ba ya cin abinci, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. An gwada jini babu maleriya, an ba da maganin tsutsa, an sha maganin ƙarin jini kwalba biyu. Mai riƙonsa ita ce ke ba da bayani duka, shi kuma idonsa na ƙasa. In muka juya muka tambaye shi kai tsaye ina ke yi masa ciwo, kafin ya buɗe baki an amsa masa. Ba mu ce duk ciwon ciki damuwa ce ba. Yaron da ke ciwo a kai shi asibiti likita ya duba shi, wannan ne farko. Amma in an duba an sake dubawa ba a ga kome ba, kuma ciwon ya fi tashi da safen ranar makaranta ko in wani mutum ya shigo gida, to parasitamol ba zai amsa tambayar da ba a yi ba.

Masu nazarin zaman iyali suna auna gida da ma'auni biyu. Na ɗaya shi ne yawan hira, ko ana zama a tattauna, ko yaro yana iya kawo labarinsa da ra'ayinsa. Na biyu shi ne yawan biyayya da ake nema, ko dole kowa ya bi abin da babba ya ce. Kuskuren da ake yi, a Tailan da wajenmu, shi ne a ɗauka ma'aunin guda ne, wai in hira ta ƙaru dole biyayya ta ragu. Ba haka ba ne. Akwai gidan da ake hira sosai kuma maganar maigida ce ta ƙarshe. Yaro ya faɗi tasa, a ji shi, a gaya masa dalilin doka, sannan a yanke, kuma yankewar ta tsaya. Akwai gidan da biyayya ta yi yawa hira babu, umarni kawai ke saukowa. Akwai kuma wanda babu ko ɗaya, kowa da wayarsa. A ganinmu gida na farko ne ke fitar da yaron da zai kama kansa in babu mai ganinsa, domin ya san abin da dokar ke karewa. Yaron gida na biyu ya san abu ɗaya ne kawai, kada a kama shi, kuma yakan ƙware a kai.

Wani zai ce ai mu an dake mu kuma ga mu mun zama mutane, kuma inda kowane yaro ke shan duka, ba ya ɗaukarsa ƙiyayya. Akwai gaskiya a ciki, kuma an gwada ta. A 2005 Jennifer Lansford da abokan aikinta suka buga binciken da suka yi da iyaye mata da 'ya'yansu a ƙasashe shida: Sin, Indiya, Italiya, Kenya, Filifin da Tailan. A cikinsu matan Tailan ne suka fi ƙarancin duka, na Kenya suka fi yawa. An ga cewa inda duka ya zama ruwan dare, illarsa kan ɗan ragu, tunda yaro bai ga an ware shi ba. Amma a dukkan ƙasashen shida yaron da aka fi duka shi ne ya fi faɗa, ya fi fargaba. Sabo ya rage zafin, bai kashe shi ba.

Yanzu bari mu je inda matsalar ta fi tsanani a Tailan, domin a nan ne kamanninsu da namu ya fi fitowa. Fiye da yaro ɗaya cikin biyar a ƙasar ba ya zaune da uwa ko uba. Abin ya fi yawa a Isan, yankin arewa maso gabas, wanda ya fi talauci. Matasa kan tafi Bankok ko garuruwan masana'antu neman kuɗi, su bar jariri a hannun kaka tun yana 'yan watanni. Sai a tsakiyar Afrilu, lokacin bikin sabuwar shekararsu ta Songkran, ko ƙarshen Disamba, su dawo na 'yan kwanaki. Cibiyar nazarin jama'a ta Jami'ar Mahidol tare da UNICEF ta bi irin waɗannan yara, ta ga waɗanda ba sa tare da iyayensu sun fi samun jinkirin ci gaba, musamman wajen magana.

A duba yadda horo ke kasancewa a irin wannan gida. Kaka ta tsufa, ƙafa na ciwo, ga gona, ga jikoki biyu ko uku. Ba ta da ƙarfin bin yaro, ba ta da lokacin zama da shi. Abin da ya rage mata biyu ne, ko ta saki ya yi abin da ya ga dama ta miƙa masa waya ya yi shiru, ko ta ɗauki tsumagiya in abin ya ishe ta, kuma sau da yawa duka biyun ne a rana ɗaya. Uwa tana Bankok, tana kira ta bidiyo da dare a gajiye, sai kiran ya zama zaman kotu: kaka ta karanta laifuffukan mako, uwa ta yi faɗa ta cikin waya, ko kuma tausayi ya kama ta ta yi alkawarin sabon takalmi. Yaron ya koyi cewa muryar uwarsa ko hukunci ce ko kyauta. Shi kuma, saboda kreng jai, ba zai gaya wa wadda ke wahala dominsa cewa yana kewarta ba.

Ba sai mun ja zaren ba. A Nima da Mamobi da Aboabo da Sabon Zango, gida nawa ne uwa tana Saudiyya ko Kuwait tana aikin gida, uba yana Jamus ko Amurka, yara suna hannun Hajiya? Mu kanmu da aka haifa a nan, iyayenmu baƙi ne da suka bar nasu iyayen a arewa, kuma da yawanmu a hannun gwaggo ko kaka muka tashi. Riƙo ba laifi ba ne, ya raini mutane nagari da ba su ƙirguwa. Amma riƙon da muka sani a dā, a cikin gida mai cike da manya ake yin sa, ga tatsuniya da dare, ga kawu da yaro zai iya raɗa wa abin da ba zai iya gaya wa babansa ba. Kunyar ɗan fari ma da ke hana uwa kiran sunan ɗanta, al'ada ta tanadar mata madadi, kakanni da abokan wasa da ake sakewa da su. An toshe ƙofa ɗaya an bar taga. Yau ɗaki ɗaya ne da kaka ɗaya da talabijin, kunyar tana nan, tagar ce ta tafi.

Abin da ya sa muka ɗauko labarin Tailan a wannan shafi na lafiya shi ne yadda suka kama matsalar, ta hannun ma'aikatan lafiya. A lardin Udon Thani, cikin yankin Isan ɗin nan, ma'aikatar lafiya da UNICEF da Jami'ar Oxford sun gwada wani shiri na koyar da masu riƙon yara 'yan shekara 2 zuwa 9. Shirin ma ba a Turai aka fara shi ba, a Afirka ta Kudu aka fara, aka gyara shi ya dace da mutanen Isan. An ɗauki mutum 120, galibinsu mata, iyaye da kakanni, aka raba su biyu da ƙuri'a. Rabi suka halarci zama takwas, mako-mako, a ƙananan asibitocin unguwa, ma'aikatan lafiya na gwamnati ne suka koyar. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna cin zalin yara ya ragu da kashi 58 cikin ɗari a wajen waɗanda suka halarta idan aka kwatanta da sauran. Mutum 120 ba su da yawa, kuma masu riƙon ne da kansu suka ba da rahoto, don haka kada a ɗauki lambar kamar awon sikeli. Amma raba mutane da ƙuri'a shi ne irin gwajin da muke yarda da shi in za a sa sabon magani a kasuwa, kuma wannan ya wuce shi.

Me aka koya musu? Mutum zai yi tsammanin wani ilimi mai zurfi, sai ya tarar da abubuwan da kakanninmu za su gane. Zaman farko ba a ko taɓa maganar hukunci ba. An fara da ware ɗan lokaci kowace rana a zauna da yaro shi kaɗai, ya zaɓi wasan, babba ya bi shi. Sai kiran abin da yaro ke ji da sunansa, a ce na ga ranka ya ɓaci, don ya samu kalmar da zai yi amfani da ita maimakon jifa da kwano. Sai yabo a kan abin da ya yi daidai, a faɗi abin takamaimai nan take. Sai ba da umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a matso kusa, a faɗi abin da ake so ya yi. Akwai bambanci tsakanin a yi ihu daga madafa, “Kai, ka daina wannan iskancin!” da a zo gabansa a ce, “Abdu, ajiye wuƙar a kan tebur.” Na farkon bai gaya masa abin da zai yi ba, ya dai gaya masa ko shi wane ne. Sai bayan an gina wannan duka ake zuwa dokokin gida, da ƙyale ƙananan rigingimu na neman a kula, da hukunci mai ma'ana wanda ya dace da laifin, kamar a ɗauke abin wasan da aka yi faɗa a kansa na ɗan lokaci. Jerin yana da dalili. Janye wa yaro fuska ba ya yi masa ciwo sai in dā ma ya saba ganin ta a sake.

A lura, babu inda aka ce kaka ta daina zama kaka. Yaro yana nan yana gaisuwarsa da sunkuyawarsa. Abin da aka ƙara shi ne hanyar dawowar magana daga ƙasa zuwa sama. Tailan kuma tana da abin da ke sa irin wannan ilimi ya iya kaiwa ƙauye, wato 'yan sa kai na lafiya fiye da miliyan ɗaya, kowannensu yana kula da gidaje goma sha wani abu a unguwarsu, mafi yawansu mata ne da aka sani aka yarda da su. Magana a kan yadda mutum ke rainon jikansa ba ta shiga sai daga bakin wanda ake jin nauyinsa.

Inda aka toshe magana kuwa, takan fito ta wani wajen. Ma'aikatar ilimi ta Tailan ta daɗe da hana bulala a makarantu, ƙa'idarta ta 2005 ba ta bar ta cikin hukuncin da aka yarda da shi ba, amma malamai da yawa suka ci gaba, har da aske wa ɗalibi gefen kai a gaban 'yan'uwansa in gashinsa ya wuce ƙa'ida. A 2020 ɗaliban sakandare suka fito titi, suka sa wa ƙungiyarsu suna Miyagun Ɗalibai, suna kukan duka da wulaƙanci. Yaran da aka raina da kreng jai ne fa. A Maris na 2025 babbar kotun da ke duba ayyukan hukuma ta soke dokar aski ta 1975. Mu ma nan hukumar ilimi ta Gana ta hana bulala a makarantu, kuma duk mai ɗa a makaranta ya san nisan da ke tsakanin takarda da aji.

Akwai wata hanyar fita da ta fi wannan muni, kuma ta ƙofarmu take bi. A kudancin Tailan matasa suna dafa ganyen kratom su haɗa da maganin tari da lemon kwalba su sha, kuma taramol ya shiga hannun 'yan makaranta a can kamar yadda ya shiga a nan. A Gana sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Dalilan shaye-shaye suna da yawa, rashin aiki da abokai da arhar kayan duk suna ciki, ba za mu ɗora wa iyaye duka ba. Abin da muke gani dai shi ne wanda ke fara sani. Mai kantin magani ya sani, mai shayi ya sani, abokai sun sani tun shekara guda, uba ne na ƙarshe, domin a gabansa yaron bai taɓa fasa durƙusawa ba. Ranar da ya sha na farko ya ji tsoro, da akwai wanda zai iya gaya wa a gida ba tare da an fara da mari ba, da wataƙila an tare abin yana ƙarami.

Ba muna kira a kwafo dokar Tailan gobe ba ne. Dokar ma a kundin zamantakewa take, ita kanta ba ta yanke wa kowa ɗauri ba, ta dai janye izinin da ke rubuce. Tsoronmu shi ne a karɓe tsumagiya daga hannun tsohuwa ba a ba ta kome ba, sai ta koma ga harshe, kuma mun san harshen zango in ya tashi. Shatar bulala takan baje cikin mako, amma yaron da aka yi shekara goma ana ce masa ba zai yi albarka ba yakan kai maganar har gidan aurensa. Dokar yara ta Gana ta 1998 har yanzu ta bar wa iyaye gyara mai dalili. Abin da ke gabanmu shi ne me muke cika wannan izinin da shi.

Akwai ƙaramin abu da muke roƙo tun yanzu, tunda ya shafi aikinmu. A daina tsorata yara da allura. Kusan kullum sai an shigo da yaro kanti ana nuna mu ana cewa in bai yi shiru ba wannan zai yi masa allura. Yaron ya yi shiru, amma ya koyi abu biyu, cewa mai farar riga abin gudu ne, kuma babba yana faɗar abin da ba zai yi ba. Ranar rigakafi ko ranar da ciwo ya kama shi da gaske, nas ce za ta sha fama. Haka kuma masu neman maganin mura mai sa barci don a ba yaro lafiyayye ya kwanta a huta, ku yi haƙuri in mun hana. Irin wannan magani yana da haɗari ga ƙananan yara, wasu ma maimakon barci sai ya ƙara musu zabura.

Babban abin kuma yana hannun kwamitin lafiya na ƙungiyarmu. Muna da ranar awo, inda mata ke zama a benci awa biyu suna jiran a ɗora jariri a sikeli. Muna da nas-nas 'yan zango da ke jin Hausa, muna da malaman makarantun Islamiyya da mata ke jin maganarsu, muna da ɗakin taro da ke kulle mafi yawan mako. Zama takwas ne aka yi a Udon Thani, kuma littattafan shirin a buɗe suke ga mai so, ba sayar da su ake yi ba. In za a gwada, a fara gayyatar kakannin da ke riƙon jikoki, a sa zaman bayan la'asar lokacin da aka dawo daga kasuwa. A kuma nemi hanyar da maza za su zo, domin a Tailan mata ne suka cika benci, alhali a gidajenmu da yawa “bari babanka ya dawo” ita ce doka ta ƙarshe.